BA SANI BA SABO: TARIHIN DOKAR KORAR ƊALIBAI A MAKARANTUN GWAMNATIN AMURKA



A ƙasar Amurka an yi wata manufa ta horon ɗalibai wadda ta mulki makarantun gwamnati fiye da shekara 20, tun daga farkon shekarun 1990, har yau kuma ba ta gama sauka ba. Masu ita suna ce mata "ziro tolarans". Bahaushe kuwa ya riga ya raɗa mata suna tun kafin a haife ta, wato ba sani ba sabo. Tsarinta mai sauƙi ne. Ana rubuta laifi, a rubuta hukuncinsa a gefensa, duk ɗalibin da ya faɗa a zartar masa, ba a duban shekarunsa ko niyyarsa ko abin da ya kai shi. Hukuncin kuma kusan kullum fitarwa ce daga makaranta, ko dakatarwa ta kwanaki, ko kora ta shekara guda ko fiye.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da makarantun Amurka. Ruwanmu biyu ne. Na farko, muna da 'ya'ya da jikoki a can. Unguwar Bronx ta birnin Niyok tana ɗauke da ɗimbin mutanen zango, yaransu kuma idan suka shiga aji ana lissafa su cikin baƙar fata, waɗanda wannan doka ta fi ci. Na biyu, mu ma a nan 'yan tsiraru ne, 'ya'yanmu suna karatu a makarantun da ba mu muka rubuta dokokinsu ba, kuma tambayar da Amurka ta amsa da kora ta iso ƙofarmu: in an karɓe bulala daga hannun malami, me za a ba shi a madadinta?

KAFIN DOKAR

Makarantar Amurka ta da can ba ta bambanta da kowace makaranta ba wajen duka. Malami yana matsayin uba, yana riƙe da tsumagiya ko wani faffaɗan katako, yana hora yaro yadda ya ga ya dace. Jihar New Jersey ce ta fara haramta duka a makarantunta tun 1867, ta kuma zauna ita kaɗai a kan haka fiye da shekara 100. Ko a 1977, a shari'ar wata makaranta ta jihar Filorida inda aka doki wani yaro har sai da aka kai shi wurin likita, Kotun Ƙoli ta ce tsarin mulkin ƙasa bai hana duka a makaranta ba. Duk da haka jihohi suka riƙa hanawa da kansu ɗaya bayan ɗaya a shekarun 1970 da 1980, har ya zama mafi yawansu sun bari, sai wasu jihohi, galibi na kudu, da suka riƙe al'adar.

Da bulala ta fara ja da baya, sai dakatarwa ta matso gaba. Wannan sauyi ya haɗu da wani babban al'amari. A 1954 Kotun Ƙoli ta soke raba makarantun farare da na baƙaƙe, aka kwashe shekaru ana kokawa kafin a haɗa yaran a aji ɗaya. Da aka haɗa su, sai yaro baƙar fata ya tsinci kansa gaban malamin da bai san gidansu ba, bai san harshen unguwarsu ba. A 1975 wata ƙungiyar kare yara da Marian Wright Edelman ta kafa ta fitar da rahoto cewa an dakatar da ɗalibai fiye da miliyan 1 a shekarar karatu ta 1972 zuwa 1973, cewa ana dakatar da baƙaƙe kimanin ninki biyu na farare, kuma mafi yawan laifuffukan ba masu haɗari ba ne, irin su makara da fashi da musu da malami.

A wannan shekara ta 1975 Kotun Ƙoli ta yanke wani hukunci mai muhimmanci a shari'ar da ake kira Goss da Lopez. Ɗalibai 9 ne na birnin Columbus a jihar Ohayo aka dakatar har kwana 10 bayan wata tarzoma, ba tare da an saurare su ba. Alƙalai 5 cikin 9 suka ce ilimi haƙƙi ne da jiha ta ba yaro, ba a karɓe shi sai an gaya masa laifinsa, an nuna masa hujja idan ya musanta, an kuma ji ta bakinsa. A riƙe wannan hukunci da kyau, domin abin da ya biyo baya ya bar siffarsa ya cinye ruhinsa. Ina amfanin sauraron yaro idan an riga an rubuta hukuncinsa tun kafin ya buɗe baki?

DAGA BAKIN TEKU ZUWA AJI

Ba a makaranta aka haifi ba sani ba sabo ba. A yaƙi da miyagun ƙwayoyi na zamanin Shugaba Ronald Reagan aka haife ta. A 1986 lauyan gwamnatin tarayya na birnin San Diego, Peter Nunez, ya sa wannan suna ga wani shiri na kama duk jirgin ruwan da aka samu da ƙwaya komai ƙanƙantarta. A 1988 babban lauyan ƙasa Edwin Meese ya mai da shirin na ƙasa baki ɗaya, aka ba 'yan kwastan ikon ƙwace mota ko jirgi saboda ɗan burbushi. Cikin wannan shekara aka kama wani jirgin binciken teku mai suna Atlantis II saboda ɗan ƙanƙanin tabar wiwi da aka samu a kayan wani ma'aikacinsa. Kuka ya yi yawa, kafin 1990 ta ƙare hukumar kwastan ta janye jiki a hankali. Abin mamaki, daidai lokacin da manya suka ga dokar ta yi musu tsauri suka ajiye ta, a lokacin ne aka ɗauke ta aka aza wa yara.

Akwai kuma wani ra'ayi da ya share mata hanya. A 1982 wasu masana biyu, James Wilson da George Kelling, suka rubuta maƙala a mujallar Atlantic suna cewa idan aka bar taga ɗaya a fashe ba a gyara ba, sauran tagogin gidan za su bi ta, domin ƙaramar ɓarna da aka ƙyale tana gayyatar babba. 'Yan sandan Niyok suka yi aiki da wannan ra'ayi a zamanin magajin gari Rudolph Giuliani daga 1994. Shugabannin makarantu su ma suka ɗauka: a murƙushe ƙaramin laifi, babba ba zai samu ƙofa ba.

Adalci ne a faɗa cewa tsoron da ya haifi wannan doka ba na ƙarya ba ne. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa kusan 1993, hodar ibilis mai araha ta mamaye unguwannin talakawa, bindiga ta yawaita a hannun samari, kisan kai tsakanin matasa ya hau ƙwarai. Iyaye baƙaƙe da farare duka suna kukan a tsare musu 'ya'ya. Tun 1989 wasu gundumomin ilimi a jihohin Kalifoniya da Niyok da Kentaki suka fara wajabta kora a kan ƙwaya da faɗa da shiga ƙungiyar 'yan daba.

A 1994 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar hana bindiga a makarantu. Ta ce duk jihar da take son kuɗin ilimi daga gwamnatin tarayya, dole ta yi dokar korar ɗalibin da ya zo makaranta da bindiga na aƙalla shekara 1, a kuma miƙa shi ga hukumar shari'a. Abubuwa biyu a cikin wannan doka mutane suka manta. Bindiga da abin fashewa kaɗai ta ambata. Sannan ta bar wa shugaban gundumar ilimi ikon sassauta hukuncin bisa halin kowane yaro. Jihohi da gundumomi ne suka faɗaɗa ta da kansu, suka shigar da wuƙa, da abin da ya yi kama da makami, da giya, da taba, da maganin ciwon kai, da barazanar baki, da rashin kunya. Ƙofar sassaucin kuwa shugabanni da yawa suka ƙi buɗe ta, don gudun a ce sun nuna bambanci ko a kai su kotu. Ƙididdigar ma'aikatar ilimi ta shekarar karatu ta 1996 zuwa 1997 ta nuna makarantu 94 cikin 100 suna da wannan doka a kan bindiga, 91 a kan sauran makamai, 88 a kan ƙwaya, 87 a kan giya, 79 a kan faɗa, 79 a kan taba.

Masana ma suka hura wutar. A 1995 wani farfesa mai suna John DiIulio ya yi hasashen cewa wata zuriya ta samari marasa imani da tausayi tana tafe, za ta cika tituna da jini. Hasashen bai tabbata ba. Laifuffukan matasa sun riga sun fara sauka tun wajen 1994, suka ci gaba da sauka shekaru da yawa, shi kansa farfesan daga baya ya fito ya janye maganarsa. Amma kafin nan an riga an gina dokoki a kanta.

Sai ranar 20 ga Afrilu 1999, ɗalibai biyu suka shiga makarantar sakandaren Columbine a jihar Kolorado da bindigogi, suka kashe ɗalibai 12 da malami 1 a ranar, sannan suka kashe kansu. Ƙasar ta girgiza. Gwamnatin tarayya ta zuba kuɗi aka ɗauki dubban 'yan sanda aka ajiye a cikin makarantu, aka kafa na'urorin gano ƙarfe a ƙofofi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba a tsaya an lura cewa Columbine ɗin kanta tana da ɗan sanda mai bindiga a ranar ba, ko kuma cewa kisan da ake yi a harabar makaranta bai kai kashi 3 cikin 100 na kisan matasa a ƙasar ba. Makaranta ta fi titi aminci nesa ba kusa ba, ga shi kuma titin ake tura wanda aka kora.

ABIN DA DOKAR TA AIKATA

A 1998 a garin Longmont na Kolorado, wata yarinya 'yar shekara 10 ta buɗe kwanon abincinta ta ga mahaifiyarta ta sa wuƙar yanka tuffa a ciki. Ta ɗauka ta kai wa malama da hannunta. Aka kore ta, sai da jama'a suka yi ca sannan aka mayar da ita.

A watan Oktoba 1999 a gundumar Loudoun ta jihar Bajiniya, wata yarinya ta gaya wa abokin karatunta ɗan shekara 13 cewa ta yi tunanin kashe kanta, kuma akwai wuƙa a cikin kayan karatunta. Yaron ya karɓe kayan ya kulle a ma'ajiyarsa ta makaranta, da nufin gaya wa iyaye in an tashi. Da labari ya kai ofis, aka tambaye shi ya miƙa wuƙar. Hukumar makarantar da kanta ta yarda cewa alheri ya nufa, kuma ba ya barazana ga kowa. Duk da haka aka fitar da shi kusan wata 4. Da iyayensa suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce a 2001 ba a karya tsarin mulki ba, ko da yake ɗaya daga cikin alƙalan ya rubuta takaicinsa a kan yadda aka ajiye hankali gefe. Darasin da sauran yaran makarantar suka koya a fili yake: gobe in ka ga wuƙa a hannun mai son kashe kansa, kau da kai.

Wata kotun ta ga al'amarin ta wata fuska. A jihar Tenesi an kori wani saurayi saboda wuƙar da abokinsa ya ajiye a motar da ya tuƙo, shi kuwa ya ce bai san da ita ba. A 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta wancan yanki ta ce korar ɗalibi a kan abin da bai san yana ɗauke da shi ba, ba ta da wata alaƙa ta hankali da tsaron makaranta. Wato kotunan kansu sun rabu a kan tsohuwar tambaya: shin ana hukunta hannu ne kaɗai, ko har da abin da zuciya ta nufa?

A garin Decatur na jihar Ilinoi, a watan Satumba 1999, faɗa ya ɓarke a wurin zaman 'yan kallo lokacin wasan ƙwallo na makarantu. Ba a yi amfani da makami ba. Aka kori ɗalibai 6, dukansu baƙaƙe, na shekara 2 cur. Jesse Jackson, jagoran kare haƙƙin baƙar fata, ya sauka garin da zanga-zanga, gwamnan jiha ya shiga tsakani, aka rage zuwa shekara 1 tare da ba su gurbi a wata makaranta ta musamman. Hoton bidiyon faɗan da aka nuna ya tabbatar da cewa rikicin ba na wasa ba ne, kuma a Janairu 2000 alƙalin tarayya ya ba hukumar ilimi gaskiya. Amma Decatur ta sa ƙasar ta fara tambaya: yaron da aka kora shekara 2 yana ɗan shekara 16, wa ke tsammanin zai dawo?

Irin waɗannan labarai ba su yanke ba. A 2009 a jihar Delaware an yanke wa yaro ɗan shekara 6 kwana 45 a makarantar kangararru don ya zo da wani abin cin abinci na 'yan sikawut mai haɗe da cokali da 'yar wuƙa, sai da ƙasa ta yi dariya da fushi sannan aka soke. A Satumba 2015 a garin Irving na Teksas, wani yaro Musulmi ɗan shekara 14, ɗan asalin Sudan, ya kawo agogon da ya harhaɗa don ya nuna wa malaminsa. Aka ce ya yi kama da bam, aka sa masa ankwa, aka dakatar da shi kwana 3. Shugaba Obama ya gayyace shi fadar gwamnati, daga baya iyalin suka koma Katar.

LISSAFIN DA YA FITO

Labarai suna motsa zuciya, amma ƙididdiga ce ta karya lagon dokar. A 1973 ana dakatar da ɗalibai kusan 4 cikin 100 a shekara. Zuwa 2006 adadin ya kusan kai 7 cikin 100, wato yara fiye da miliyan 3. Na baƙaƙe ya tashi daga 6 zuwa 15 cikin 100, na farare daga 3 zuwa kusan 5.

Binciken da ya fi kowane nauyi shi ne na jihar Teksas da aka fitar a 2011. An bi sawun ɗalibai kusan miliyan 1 daga aji 7 har ƙarshen sakandare. Kusan 6 cikin 10 an taɓa dakatar da su ko korarsu aƙalla sau ɗaya. Cikin dukan hukunce-hukuncen, kashi 3 cikin 100 ne kawai na manyan laifuffukan da dokar jiha ta wajabta fitarwa a kansu. Sauran 97 shawarar makaranta ce. A kan manyan laifuffukan, farare da baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka kusan daidai ake fitar da su. A kan ƙananan ne bambanci ya bayyana, inda ɗalibi baƙar fata ya fi takwaransa da suka yi daidai a komai fuskantar hukunci da kashi 31 cikin 100. Wanda aka fitar kuma ya fi kusa da maimaita aji, da barin makaranta, kuma yiwuwar ya faɗa hannun kotun yara a shekara mai zuwa ta kusan ninka uku.

Tun 2002 wani masani mai suna Russell Skiba da abokan aikinsa suka gano inda gizo ke saƙar. Ana kai farare ofis a kan abin da ido ke gani, kamar shan taba da fasa kaya da fita ba izini. Ana kai baƙaƙe a kan abin da ke bukatar fassara, kamar rashin ladabi da hayaniya da barazana. A 2014 ma'aikatar ilimi ta sanar cewa ana dakatar da baƙaƙe da korarsu ninki uku na farare, kuma abin yana farawa tun daga makarantar renon yara: baƙaƙe su ne 18 cikin 100 na yaran, amma su ne 48 cikin 100 na waɗanda aka dakatar fiye da sau ɗaya. Yara masu naƙasa su ma ana dakatar da su fiye da ninki biyu na sauran.

A nan ne zuciyar wannan tarihi take. An sayar wa jama'a ba sani ba sabo da alkawarin cewa za ta yi wa kowa kuɗin goro, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, fari da baƙi. Abin da ta yi a aikace daban ne. Inda malami ya so ya yi rahama, kamar ga yarinyar tuffa da yaron da ya karɓe wuƙa, ta ɗaure masa hannu. Inda malami ya fusata ko ya tsargu da yaron da bai fahimta ba, ta mai da kora abu mai araha, ta sa masa a hannu. Ta kashe sassauci ta bar son zuciya da ransa.

Ƙungiyar lauyoyin Amurka ta fito ta yi adawa da manufar tun 2001. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta kafa kwamiti, ya duba binciken shekaru, rahotonsa da aka buga a 2008 ya ce babu hujjar da ta nuna dokar ta ƙara wa makarantu aminci, kuma yaron da aka dakatar ya fi kusa da sake laifi. Daga baya wasu masana tattalin arziki suka duba gundumar Charlotte ta Karolina ta Arewa, inda aka sake iyakokin makarantu a 2002, yaran unguwa ɗaya suka rabu tsakanin makarantu masu tsanani da masu sauƙi. Waɗanda suka faɗa masu yawan dakatarwa sun fi shiga hannun 'yan sanda da kurkuku bayan sun girma. Wannan ne Amurkawa suke kira hanyar da ta tashi daga makaranta ta zarce gidan yari.

JA DA BAYA, DA JA-IN-JA

Daga nan guguwa ta juya. A 2013 hukumar ilimi ta birnin Los Anjalas ta hana dakatar da ɗalibi a kan laifin da ake kira taurin kai. Jihar Kalifoniya ta bi sahu a 2014 ga ƙananan azuzuwa, ta riƙa faɗaɗawa har ta game dukan sakandare. Jihar Ilinoi, inda aka yi Decatur, ta yi doka a 2015 mai hana hukuncin ba sani ba sabo sai inda wata doka ta wajabta. A Janairu 2014 ma'aikatun ilimi da shari'a na gwamnatin Obama suka aika wa makarantu takardar gargaɗi cewa horon da ya fi faɗa wa wata ƙabila ba bisa dalili ba zai iya zama karya dokar haƙƙin ɗan ƙasa. Makarantu da dama, irin na Denver da Oakland, suka koma ga sulhu: a zaunar da mai laifi da wanda aka cuta da iyaye da malami, a faɗi ɓarnar, a yanke yadda za a gyara. Ƙasar New Zealand ta shigar da irin wannan zama cikin dokar yaranta tun 1989, ta aro shi daga al'adar ƙabilar Mawori.

Sai dai gyaran ma bai zo da sauƙi ba. Malamai da yawa sun koka cewa an karɓe musu kora ba a ba su komai ba, yaro ɗaya yana hana 30 karatu, shugabanni kuma suna ɓoye laifuffuka don ƙididdiga ta yi kyau. Binciken da cibiyar RAND ta yi a makarantun birnin Pittsburgh, wanda ya fito a 2018, ya nuna sulhu ya rage dakatarwa, amma sakamakon jarrabawa bai ƙaru ba, a azuzuwan tsakiya ma ya ragu. Bayan kisan mutum 17 a makarantar Parkland ta Filorida ranar 14 ga Fabrairu 2018, gwamnatin Donald Trump ta soke takardar Obama a Disamba na wannan shekara, a Afrilu 2025 kuma ya sa hannu a kan umarnin da ke ƙara nisanta gwamnatin tarayya daga waccan hanya. Dokar bindiga ta 1994 kuwa tana nan daram. Rigimar tana kan abin da aka lanƙaya mata.

ABIN DA YA SHAFE MU

A Gana hukumar ilimi ta haramta bulala a makarantu a 2017, a 2019 ta raba wa malamai jagorar horo ba da duka ba. Mun kuma ga inda ruwa ke gangarawa. A Agusta 2020 an kori ɗalibai 14 na ajin ƙarshe bayan tarzomar da ta biyo wata takardar jarrabawar kammala sakandare, aka hana su rubuta sauran takardu, sai da Shugaba Akufo-Addo ya sa baki aka bar su suka rubuta. A Janairu 2023 an kori 'yan mata 8 na sakandaren Chiana saboda bidiyon da suka zagi shugaban ƙasa, shi ɗin ne kuma ya nemi a sauya musu hukunci. Laifuffukan na gaske ne, sun cancanci horo. Amma sau biyu rahama ta zo ne daga fadar shugaban ƙasa, don labarin ya kai gidajen rediyo. Ɗan zangon da aka kora a wata makarantar ƙauye, wanda ubansa ba ya jin Turanci, wa zai kai kukansa can?

Malaman fiƙihu sun daɗe da raba hukunci gida biyu: wanda aka ƙayyade, mai 'yan laifuffuka ƙalilan, wanda kuma shubuha take kawar da shi, da wanda aka bar wa alƙali ya auna da halin mai laifi. Sun kuma bambanta yaro da baligi, da ganganci da kuskure. Duk wanda ya taɓa zama a zauren sarkin zango ya san ba a yanke magana sai an ji bakin kowa, kuma ana neman hanyar da mai laifi zai dawo cikin jama'a. Amurka ta kashe shekara 20 da makomar miliyoyin yara kafin ta komo kusa da wannan.

Saboda haka ga abin da ya kamata iyaye da shugabannin unguwanni su riƙe, a nan ko a Bronx. A nemi littafin dokokin makaranta tun ranar da aka kai yaro, a sa mai karatu ya fassara. A halarci taron iyaye da malamai, domin a can ake rubuta abin da za a hukunta 'ya'yanmu da shi. In an kira uba a kan laifin ɗansa, kada ya tafi shi kaɗai, kada kuma ya tafi da faɗa. Ya tambaya a rubuce mene ne laifin, shin an ji ta bakin yaron, me aka yi wa wasu da suka yi irinsa, kuma ina yaron zai yi karatu a kwanakin da aka fitar da shi. Mu kuma a gida kada mu bar wa makaranta tarbiyya sannan mu yi kuka da hukuncinta, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bindiga da wuƙar da aka zare don cuta ba su da mazauni a aji, wannan babu jayayya. Sauran laifuffukan ƙuruciya kuwa, magabata sun ce hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba malamansu haƙuri da adalci. Wassalamu alaikum.